Gidajen da na ɓoye wa Malam Ɗanjuma

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shirin tafiya Tambuwal wurin Malam Ɗanjuma, aka bugo waya cewa ya rasu bayan sallar asuba.

Da tambaya zan je masa.

Wasunku sun ga murnata ranar Talata. Autana Bashiru, shekara tara da aure, Allah ya ba shi ɗiya mace. Har wanda ban sani ba na ba goro. Jiya idanunta suka koma rawaya. Likita ya ce shawara ce, a bar ta asibiti ƙarƙashin wata fitila. Ƙanwata Kulu kuma ta ce a maido ta gida Kebbe, akwai jiƙon da ya warkar da ɗan wance da ɗan wance, kuma a gidanmu ba a taɓa raɗa suna jariri yana wani wuri ba. Bashiru ya ce sai abin da na faɗa.

Na san Malam tun zamanin Turawa, yana ma'aikacin lafiya na En'e. An turo shi garinmu Fakku ya duba cikin yara don a san yawan masu ciwon saifa. Ina magidanci lokacin, maigari ya ce in zaga da shi. Kunya ta sa na riƙa kai shi gidajen masu hali, inda yara ke ƙyalli. Gidan da na san akwai mai kumburin ciki, sai in ce sun tafi gona.

Rana ta biyu ya tsaya, ya tambaye ni ko bakin buhu nake dubawa in zan sayi gero. Na ce a'a, sai na cusa hannu har ƙasa.

"To don mi kaka nuna min bakin buhu? Waɗanda ka tsallake, su nika son gani."

Muka sake daga farko. Duk gida na uku sai mu shiga, ko na wane ne. Lissafi ya faɗo kan gidana, inda ɗan farina yake kwance da ciki kamar tulu. Ya ba shi magani, yaron ya tashi. Malam bai taɓa gaya wa maigari abin da na yi ba.

Shi ya ja ni ajin yamma ina da 'ya'ya huɗu, ya karya fensirinsa gida biyu ya ba ni rabi. A nan ya koya mana cewa in an yabi magani, mu tambaya: mutum nawa aka ba, nawa suka tashi, su kuma waɗanda ba a ba ba, yaya suka ƙare?

Ganinmu na ƙarshe bayan ƙaramar sallah ne. Ido ya tafi, amma yana jin muryata ya ce ɗan rakiyar Fakku ya iso, a ɓoye marasa lafiya. Muna hirar masu tallar magani a kasuwa ya ce, "Wanda ya warke shi ka dawowa godiya. Uwar wanda bai warke ba, ba ta yawo da labari."

Ɗazu na kira Kulu, na yi mata tambayoyin nan. Sai ta ambaci wani jariri a Sanyinna da aka ba jiƙon, bai kai arba'in ba. Likita ma ban ƙyale shi ba, kuma ya amsa ɗaya bayan ɗaya.

Na ce wa Bashiru a bar ta asibiti. Rago za a yanka a gida ko ba ta nan. Kulu ta yi fushi. Ni ma tsoron bai sake ni ba, duk ƙarar waya sai gabana ya faɗi.

Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya sa aikinsa ya bi shi. Wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a, ya haɗa da jikata. Ba ta da suna tukuna. Ku ce ɗiyar Bashiru, Allah ya san ta.