Ƙwan da Ba Ya Shan Sola

Shekarar da maigidana ya rasu, babban ɗana ya zo da ma'aikata suka shimfiɗa mini farantan sola a kan rufi, nan unguwar Laranto. Batura biyu a lungun falo, da wani akwati mai lambobi da ban san me suke cewa ba. Na tsaya a kansu har suka gama, don na ga ɗayan yana taka kwano kamar na ubansa.

Akwatin ba ya ƙara. In an ɗauke wuta, fitila ko ƙyaftawa ba ta yi. Ɗana da wannan yake alfahari. Ni kuwa shi ya raba ni da Ngo.

Ngo maƙwabciyata ce, 'yar Birom, haka suke kiran manyan matansu. Ita ma mijinta ya mutu. Shekara da shekaru, da an ɗauke wuta da yamma kowacce sai ta ɗauko kujerarta zuwa bakin ƙofa. Ba aike, ba kira. Ta ƙudundune cikin suwaita ta ce, "Hajiya, yau ma ka ɗaure fuska? Wa ya taɓa ka?"

"Sau nawa zan ce miki ni ba 'ka' ba ce?"

"To ka yi haƙuri."

Da aka sa sola na daina sanin lokacin fita. Rediyo na magana, firji na aiki. Kafin in leƙa, layin ya yi duhu tuntuni, ƙofarta a rufe. Ni kuma ban saba ƙwanƙwasa ƙofar mutane babu dalili ba.

Sai da damina ta wuce na kira mai gyara, na ce ya sa mini jan ƙwan lantarki ɗaya wanda ba ya shan sola, wanda zai mutu in an ɗauke wuta. Ya ce, "Mama, kina da wuta, me za ki yi da shi?" Na ce aiki na kira shi, ba tambaya ba.

Wata Talata bayan la'asar ƙwan ya mutu. Na ɗauki kujera na fita, na zauna har aka kira magariba. Wata yarinya ta buɗe ƙofar Ngo da bokiti a hannu, ta rusuna ta gaishe ni. Sabuwar 'yar haya ce. Ta ce ƙafa ta matsa wa tsohuwar, 'yarta ta tafi da ita unguwar Daɗin Kowa, sati uku ke nan.

"Ranar da na zo duba ɗakin, tsohuwar ta so ta shigo ta yi miki sallama. Ta ce kullum fitilunki a kunne, ƙila kina da baƙi."

Na tambaye ta wane layi ne a Daɗin Kowa. Ta ce ba ta sani ba.