Zuciyar Inna Bayan Hamma Buba

Ina bakin aiki a asibiti ranar Talata da hantsi, Goggo Asabe ta kira ni. "Hajara, sai haƙuri. Inna ta cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mu biyu ta haifa, ni da yayana Hamma Buba, direban motar haya. Na tashi ina kishinsa, kuma girma bai raba ni da shi ba. Ni ke zuwa gidanta a unguwar Nasarawo duk Juma'a in yi mata kitso, in auna mata jini, amma tambayarta ta farko ita ce, "Buba ya kira ki?" Shi ake ɓoye wa kindirmo. In na yi ƙorafi sai ta ce, "Wanda ke kan hanya ake ɗaga wa murya a addu'a. Ke kina gabana."

Makonni uku da suka wuce 'yan bindiga suka tare hanyar Biu, suka kashe Hamma Buba. Inna ba ta yi kuka ba. Ta dafe ƙirji, gumi ya karyo mata, numfashi ya gagara. Muka garzaya da ita asibitin da nake aikin jinya. Da hannuna na manna mata wayoyin na'urar awon bugun zuciya. Layukan da suka fito a takardar sun ɗaga sama, irin na wanda jijiyar zuciyarsa ta toshe. Bayan kwana biyu suka kife ƙasa. Likita ya yi hoton zuciyar, ya nuna mini gindinta ya buɗe kamar tulu, ba ya matsawa. Ya ce tsananin baƙin ciki kan yi haka, kuma yawanci ana warkewa.

Na tsaya riƙe da takardar, abin da ya zo mini shi ne: da ni ce na mutu, zuciyarta za ta yi haka? Na ji kunyar kaina, amma tunanin bai tafi ba.

Ranar da aka sallame ta, ina ɗaura mata ɗankwali, ta riƙe hannuna. "Ki yafe mini, Hajara. Na san na tauye ki." Na ce, "Ba komai, Inna." Ƙarya na yi, kuma ta gane.

Yau na yafe da gaske. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka kabarinta, Ya haɗa ta da ɗanta a Aljanna. Ya raya marayun Hamma Buba, Ya ba mu haƙuri. Ni kuma Ya yafe mini, Ya sa in na je lahira ni ma ta tambayi lafiyata.