Ragowar Matar Mai Takisi

Aikina a labo, wato ɗakin binciken likitoci, ba taɓa jini ba ne. Ni ce mai ordinater, wato kwamfuta. Duk ƙwayoyin halitta na asali da likitocinmu suka ciro daga jikin mutum suna raino, ni ke ba su lamba, in rubuta ranar da aka raba su da wurin da aka daskarar da su cikin tulun azot, sinadarin nan mai tsananin sanyi. Suna ba ya shigowa wurina, lamba kawai. Shi ya sa duk wanda ya zo yana tambaya, hankalina ba ya kwanciya da shi.

Wani mai takisi daga unguwar Lazaret ya shigo birona, wato ofishina, da takardar yarda, ta sha ninki har ta yi laushi. Ya ce matarsa ce ta ba da nata ƙwayoyin lokacin da take jinya, yanzu ta rasu, yana son a ba shi abin da ya rage nata.

Na ce a raina, ka ji mu da mutum. Wa ya aiko shi? Lambar da ke kan takardar kuwa ita ce ta fi kowace yaɗuwa, shugabanmu kamar ya goya ta. Na zaci ɗan jarida ne, na kuma zaci wani boka ya ce a kawo masa. Na nemi katin shaidarsa, na nemi takardar aure da ta rasuwa, ina jira ya gaji. Bai gaji ba. Kullum ya faka mota ya zauna a bencinmu, yana kallon hannuna kamar zan ɓoye wani abu. Haushi ya kama ni, wallahi, don irin kallon da nake yi masa shi yake yi mini.

Takardu suka cika, ƙa'idarmu kuma ta ba magaji dama ya janye yardar. Shugaba ya yi ta ƙunƙuni, amma ya sa aka fito da ƴan kwalaben da nata ke ciki, aka kashe ƙwayoyin da zafi, ya yarda a ba shi maimakon a ƙona.

Mutumin ya ciro wani farin ƙyalle daga aljihu, ya ce ragowar likkafaninta ne. Ya naɗe kwalaben a hankali.

"Madam, duka ke nan?"

Na duba ordinater. A ƙasan lambar akwai layin da ni na rubuta da hannuna: an aika wani kaso wani labo a ƙasar waje, da yardarta. Na gaya masa gaskiya. Na ce za mu rubuta musu su lalata, su aiko mana da shaida.

Ya daɗe yana kallon ƙullin da ke tafin hannunsa.

"To, can wa zai binne ta?"