Dubiyar da Muka Kai wa Ni'imatu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, Allah Ya karɓi ran Ni'imatu, 'yar ƙanena Malam Maccido da ke koyarwa a Tambuwal. Ta rasu a asibiti a Sakkwato bayan doguwar jinyar sankarar jini, tana da shekara goma sha ɗaya. Ni ce goggonta, Hadijatu ta Kebbe. Na ɗauki alƙalami ne don bakina, da kowa ya san kaifinsa, ya kasa.

Ni'imatu, duk zuriyarmu ke kaɗai ce ba ki tsoron faɗana. In na taso da masifa manya sulalewa suke yi, ke kuwa sai ki kawo mini ruwa, ki ce in jiƙa maƙogwaro in ci gaba. Duk hutu kina Kebbe, kina bin mu wurin tatsa, kin raɗa wa kowane maraƙi suna. Tsofaffin unguwarmu har yau suna cigiyar mai danna musu waya. Da aka fara yi miki ƙarin ruwan nan da ake kira kemo, gashinki ya zube, muka riƙa kuka a ɓoye, ke kuma kika ce kin huta da zafin hannuna wajen kitso.

Kin samu sauƙi, gashi ya tsiro, kin koma makaranta. Muka yi sadaka, muka saki jiki. Ashe lafawa ciwon ya yi. Bana ya dawo, likitoci suka ce ya daina jin maganin farko, sai wani mai ƙarfi. Shi wannan, yana kashe cutar yana haɗawa da garkuwar jiki, har murar da ba ta kayar da kowa tana iya kayar da yaro. Don haka da aka sallamo ki gida ki huta kafin zagaye na gaba, aka kafa sharaɗi: ban da 'yan dubiya, ban da abincin da bai hau wuta ba. Mahaifinki ya kira ni ya yi mini bayanin nan dalla-dalla. Ba zan ce ban ji ba.

Na ji sarai, raina ne ya ɓaci. A ina aka taɓa hana dangi dubiya? Na ce ba wani likita, iyayin mahaifiyarki Hinde ne, ta ga mu 'yan ƙauye ne masu warin shanu. Na tara matan dangi daga Kebbe da Fakku, mota cike, da furarmu da nonon garkenmu. Damina ce, cikinmu har da masu tari.

Mun iske mahaifinki yana makaranta. Hinde ta tarye mu a tsakar gida, ta durƙusa, ta roƙi mu gaishe ki ta taga. Na dube ta a gaban mutane na ce, "Ni za ki hana wa ganin ɗiyar ƙanena? Mi muka ɗauko, annoba?" Yarinya mai kunya, ta sunkuyar da kai ta kauce.

Muka cika ɗakin har ba wurin sa ƙafa. Na ce ki cire takunkumin nan mu ga fuskarki, kika cire. Kowa ta shafa kanki, ta tofa miki addu'a. Na dama fura na miƙa miki. Kin dubi mahaifiyarki tsaye a bakin ƙofa tana matse hawaye, kin dube ni, sannan kika karɓa kika sha. Kin san abin da likita ya ce, kin fi mu sani. Kin sha ne don kada in sake buɗe wa uwarki baki. Muka koma gida muna yabon kanmu da zumunci.

Ba a daɗe ba zazzaɓi ya rufe ki, aka wuce da ke Sakkwato. Na san ajali na Allah ne, kuma babu likitan da ya ce mu ne. Mahaifinki ma cewa yake kwana ne ya ƙare. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ranar zaman makoki na raɓe a tsakar gida, na kasa ɗaga ido. Hinde ta zo ta durƙusa a gabana, ta aje mini ruwa, ta ce cikin sanyin murya, "Yaya, rana na dukanku. Ku shiga ɗakin, yanzu ba a hana kowa." Wallahi ba gori ta yi mini ba, da zuciya ɗaya ta faɗa. Ban shiga ba, nan na ci gaba da zama cikin rana.

Allah Ya jiƙanki Ni'imatu, Ya sa wahalar da kika sha ta zama haske a kabarinki, Ya sa ki ceci iyayenki. Allah Ya ba Maccido da ƙannenki haƙuri, Ya ba yaran da kika bari a ɗakin jinya lafiya, Ya ba danginsu hankalin da na rasa. Ke kuma Hinde, ta'aziyyarki ce mafi nauyi a kaina. A gaban mutane na ci miki fuska, a gaban mutane nake roƙon ki yafe mini.

Hadijatu Attahiru, Kebbe