Sau Biyu, Wanda Ba Ya Yanka Sai An Amsa

Daga Allah muka fito, kuma wurinSa duk za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da misalin ƙarfe biyar na yamma, Allah Ya karɓi ran mijin yayata, maigidana a wurin aiki, wanda duk masu sana'ar hawa bishiya su rage rassa suka sani da Sau Biyu. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan, sai yanzu hannuna ya yarda ya riƙe alƙalami.

Maigida, ni ne Garaje, sunan da ka laƙa mini tun makon da na fara bin ka. Naka sunan kuwa mu muka sa maka don tsokana. Igiya ɗaya ba ta isar ka a kan bishiya, sai ka ɗaure kanka da biyu. Sarƙar zarton inji sai ka duba ta, ka ajiye, ka sake ɗauka ka duba. Kuma ba ka taɓa sa zarto a jikin reshe ba sai ka leƙo ƙasa ka ce, "In yanka?" Ko da filin fayau yake, kana nan zaune a sama har sai ka ji an ce, "Yanka, mun kauce." Wallahi ka sha ba ni haushi da wannan. Har a gida ba ka bari ba. Yaya ta ce in za ka yanka wa yara kankana sai ka ɗaga wuƙa ka yi tambayar, su kuma su watse bayan kujeru suna ƙyalƙyala dariya suna ba ka amsa.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce na gane abin da kake gudu. Ina saman wata doguwar bishiya a bayan wani asibiti, na riƙe reshe da hagu, na miƙa zarto da dama, hannu ɗaya, abin da ka hana ni ya fi a ƙirga. Zarton ya zame ya sauka a damtsena. Ban san yadda aka yi ka iso inda nake ba. Na dai ji ka zare bel ɗin wandonka ka ɗaure mini hannu tamau, ka haɗa ni da ƙirjinka, muka sauko a igiyarka ta biyu, waccan da nake maka dariya a kanta. Duk hanya kana cewa, "Kalle ni, Garaje, kada ka kalli hannun." Likita ya ce da an ƙara minti kaɗan da sai dai labari.

Hannu ya warke, amma zuciya ta ƙi. Tun daga ranar, in na sa ƙafa a jikin bishiya sai tsoro ya hana ni hawa. Da wani ubangidan ne, da tuni ya sallame ni. Kai kuwa ka mayar da ni ƙasa, ina riƙe igiya, ina amsa maka kira, kana gaya wa mutane wai ba ka da na ƙasa kamata. Abin da ban taɓa yi maka godiya a kansa ba shi ne ɗamarar hawana, wadda ake ɗaurawa a ƙugu a maƙala mata igiya. Kullum da safe sai ka rataye ta a ƙusarta cikin mota, kusa da taka, da yamma ka sauke. Kana shafa wa ƙarafunanta mai, kana duba ɗinkinta. Shekara goma sha ɗaya ba ka ce mini hau ba ko sau ɗaya, kuma ba ka bar ta a gida ba ko sau ɗaya. Ina gani, ina kawar da kai don kunya.

Abin da ke ci mini rai shi ne ba a sama ajali ya same ka ba. Ranar Talatar nan mun gama aiki lafiya, an naɗe igiyoyi, ka cire hular kwano, ka tuɓe wandon nan mai kauri da ke tare sarƙar zarto, saboda zafi. Sai wata tsohuwa maƙwabciyar gidan da muka yi wa aiki ta fito ta ce ɗan kututturen da ke ƙofarta yana sa ta tuntuɓe. Direbanmu ya ce a bari sai gobe. Ka ce, "Haba, Inna ta faɗi kafin gobe fa? Minti ɗaya ne." Ashe akwai tsohuwar waya da icen ya haɗiye tun yana ƙarami. Hancin zarto ya taɓa ta, ya yi tutsu ya dawo kan cinyarka. Na zare bel ɗina na ɗaure yadda ka yi mini, na ce ka kalle ni. Ka kalle ni kuwa, har muka isa ƙofar asibiti, inda rai ya yi halinsa. Sau ɗaya tak na ga ka yi abu ba ka sake dubawa ba, kuma tausayi ne ya ja ka. Tsohuwar nan kullum tana zuwa tana kuka, muna gaya mata ba laifinta ba ne.

Ka tafi ka bar aiki ɗaya, Maigida, kuma a gidanka. Busasshen reshen mangwaron nan da ya rankwafo kan ɗakin yara. Shekara biyu Yaya tana maka mita, kana cewa ranar hutu, ranar hutun kuma wani ya kira ka. Shekaranjiya iska ta taso, reshen ya tsage rabi, ya tsaya yana lilo a kan kwano. Yaya ta kwashe yaran zuwa ɗakinta, ta ce in nemo wani a cikin abokan sana'a. Na je mota in ɗauko lambobinsu, sai na ga ɗamarata a ƙusarta, inda ka rataye ta da hannunka safiyar Talata. Ban kira kowa ba, ita na ɗauko.

Jiya da hantsi na ɗaura ta. Ta yi mini daidai, don ashe har sassauta ta kake yi kana bin ƙibata, kai jama'a! Na sa wandon kariya, na sa hular kwano, direba ya riƙe igiya. Na haɗa gumi tun kafin in kai reshen farko, amma na hau. Da na zauna daidai, na kama zarto da hannu biyu, na leƙa ƙasa, sai na ji bakina ya ce, "In yanka?" Direba ya buɗe baki, kuka ya ci ƙarfinsa. Na zauna ina jira, don ka koya mini ba a yanka sai an amsa.

Can sai na ji muryar Yaya daga bakin ƙofa, yara sun lafe a bayanta. Ta ce, "Ka ɗaure sau biyu?"

Na ce, "Na ɗaure, Yaya."

Ta ce, "To yanka, mun kauce."

Reshen ya sauko a hankali cikin igiya, ko kwano ɗaya bai taɓa ba. Yaran sun koma ɗakinsu.

Allah Ya jiƙan ka, Maigida, Ya gafarta maka, Ya haskaka makwancinka. Yadda ka sauko da ni a ƙirjinka ran da na kasa riƙe kaina, Allah Ya riƙe ka da rahamarSa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya da 'ya'yanku huɗu, da mahaifiyarka, da ƙannenka, da duk wanda ke neman halalinsa a saman bishiya. 'Yan'uwana, don girman Allah kada ku tuɓe kayan kariya sai an kashe zarto an sa shi a mota. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya raya abin da ya bari, Ya sa namu ƙarshen ya yi kyau. Amin.

Taka ɗamarar tana nan a ƙusarta. Gobe da safe zan duba ta, in sake dubawa.