Ranar da Na Zama Di'o

Ina aji huɗu na elementare, can wajen Safana, aka ba ni rawar Di'o, Baturen mulkin yankinmu mai ɗingishi, a wasan kwaikwayo. Kwana uku malaminmu yana sa ni kwaikwayon ɗingishin Baturen, har ƙafata ta sage.

Ranar wasa, a bayan zana, ya shafe mini fuska da farar ƙasa. Na leƙa ta kafa, sai ga Di'on da kansa zaune kusa da hakimi! Gumi ya kwararo da farar ƙasar cikin idona.

Malam ya raɗa mini, "Kai, bar ɗingishin nan, yi tafiya daidai!" Ya tura ni fili.

Wallahi na manta yadda ake yi. Na nufi Bature ina ɗingishinsa.