Wutsiyar Ragon Layyata

Tun da na ajiye aikin koyarwa ban taɓa sayen ragon layya a kasuwa ba. Ɗan ƙarami nake samowa, in ɗaure shi a tsakar gidanmu na Soron Ɗinki, in yi kiwonsa da hannuna. Na bara waccan balami ne fari sol, wanda maƙwabcina, wani malami Babarbare, ya sa aka kawo mini daga garinsu.

Da ciwo ya kwantar da ni a asibiti, sai na damƙa shi ga ɗan ƙanena, magidanci ne da iyalinsa, wanda ya yi karatun kiwon dabbobi. Ranar da aka sallamo ni, turke na nufa kafin ɗaki. Ragon ya yi ɓulɓul, amma doguwar wutsiyar nan tasa babu ita, sai ɗan dungu kamar babban yatsa.

"Baba, gyara na yi masa," in ji ɗan ƙanen nawa, har da murmushi. "Roba na ɗaure ta da ita, ta bushe ta faɗi. Haka ake yi a gonakin Turai, saboda ƙuda."

Na ce, "An koya mini dalilin wannan a makarantar mishan tun ubanka yana goye. Tumakinsu ulu gare su, kashi yana maƙalewa a ciki. Nuna mini ulun da yake jikin wannan!"

Na aika aka kirawo maƙwabcin nawa. Ya zagaya ragon, ya tafa hannu.

"Alhaji, idan abin da aka cire ya kai sulusi, layya ba ta yi ba. Wannan kuwa ko sulusin ba a bar masa ba. Likita, da ka haɗa da kunnuwan, aiki ya cika!"

Ni ban ga abin dariya ba. Jinya ta riga ta cinye abin hannuna, saboda haka a waccan Babbar Sallar, karo na farko tun da na yi aure, ba a yi yanka a gidana ba. Ina zaune a zaure ana shigo mini da nama daga gidajen da na saba aika wa, ina godiya.

Ragon yana nan har yau. Ban yanka ba, ban sayar ba. Duk ranar da ɗan ƙanen nawa ya zo gaisuwa, a gindin turken nake sa a shimfiɗa masa tabarma, ta wajen bayan ragon.